Tsohuwar taswirar filin kiwo a Nebraska: a yarda da ita?

Tambaya: Ina nazarin filayen kiwon shanu na yammacin Nebraska a Amurka. Na samu tsohuwar taswira mai nuna tudu da kwari, amma inda ta sa rijiya bai dace da abin da GPS ke nuna min ba. Taswirar ce ta yi kuskure?

Amsa: Da wuya. Kafin ka ɗora mata laifi, karanta rubutun da ke gefenta na ƙasa.

Hukumar binciken ƙasa ta Amurka, USGS, ta fara irin waɗannan taswirori a 1884. Na farkon galibi ma'auninsu 1:125,000 ne, wato santimita ɗaya a takarda daidai take da kilomita 1.25 a ƙasa. A nan kaurin ɗigon tawada kaɗai ya ci gomman mitoci, don haka ba a neman bakin rijiya da su. Masu ma'aunin 1:24,000, da aka yi daga wajen 1947 zuwa 1992, su ne abin aiki: santimita ɗaya mita 240.

Sai tsarin awo. Yawancinsu an zana su ne a kan NAD27, tsohon tsarin awon wurare na Arewacin Amurka, wayarka kuwa WGS84, tsarin GPS, take bi. Wannan bambanci kaɗai yana iya gusar da wuri da gomman mitoci. Sauya na'urarka zuwa NAD27, sau da yawa rijiyar za ta koma mazauninta.

Duba shekaru kuma. Shekarar da aka auna ƙasa daban, shekarar bugu daban, kuma ta awon ce ke da amfani. Duk abin da ka gani da launin shunayya ƙari ne daga hoton jirgin sama, ba a je an tabbatar da shi a fili ba. Alamar famfon iska na nuna inda shanu ke shan ruwa a wancan lokacin; mai yiwuwa yau rijiyar ta ƙafe ko an cike ta.

Jajayen layukan murabba'i su ne suka fi ruɗin mutane. Kowane murabba'i mil ɗaya ne ta kowane gefe, eka 640, girman filin da dokar Kinkaid ta 1904 ta ba mazauna wannan yanki. Layukan awon gwamnati ne kawai, ba su nuna mai fili, haka ma shingen waya da aka zana. Idan iyakar mallaka kake nema, ofishin rajistar filaye na gundumar za ka nufa. Sauran bugu na taswirar kuma suna nan kyauta a topoView, shafin intanet na USGS. Jera biyu ko uku na shekaru daban-daban ka kwatanta.