Amsa ga 'yar uwar da aka sake wa mahaifinta aikin kwatangwalo

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Allah Ya ba Baba lafiya, Ya sa kaffara ne. Kin ce sati uku ke nan da aka cire masa tsohon ƙarfen kwatangwalo aka sa sabo, amma har yanzu ba ya taka ƙafar, alhali a aikin farko wata bai cika ba ya fara zagaya tsakar gida. Kina tambaya ko ku matsa masa ya tashi, ko ku kira mai ɗori ya gasa masa. Ni ma sau biyu aka yi mini, sikila ce ta cinye kan ƙashin cinyata, shi ya sa na kasa wuce tambayar nan.

Kada ku auna aiki na biyu da na farko. A na farko ƙashi yana da ƙwarinsa. A na biyu kuwa, sau da yawa ƙashin da ke kewaye da tsohon ƙarfen ya zaizaye, wani lokaci sai likita ya tsaga ƙashin cinya kafin ya zaro ƙarfen, sannan ya ɗaure da waya, ko ya yi ciko da wani ƙashin. Naman wurin kuma sau biyu ke nan wuƙa tana ratsa shi. Don haka akan ce wa wasu su dafa yatsun ƙafa kawai a ƙasa har sati 6, wasu har 12. Ba lalaci ba ne, kada a dame shi da "Baba ka daure mana".

Ranar da za ku koma ganin likita, ki tambaye shi nauyi nawa aka yarda ya ɗora wa ƙafar, wane motsi aka hana, kuma zuwa yaushe. Ki rubuta, ki kai wa ma'aikatan sashen gashin ƙashi, ko a asibitin koyarwa na Shika, Zariya, ne ko inda aka tura ku. Su ne masu tsara atisayen. Mai ɗori na unguwa, duk iyawarsa a karaya, kada ya taɓa wannan ƙafar. Ja ɗaya na iya sa ƙarfen ya goce.

Atisayen farko a kwance ake yi, kuma in kin gani za ki raina shi. Ya riƙa ɗaga tafin ƙafa sama yana mayarwa ƙasa daga idon sawu, don jini ya gudana kada ya daskare. Ya danna bayan gwiwa a katifa ya ƙirga biyar ya saki. Ya matse mazaunai haka nan. Ya jawo diddige a hankali kan zanin gado ya mayar. Kaɗan-kaɗan, sau da yawa a yini; ni bayan kowace sallah nake yin nawa don kada in manta. Buɗa ƙafa gefe shi ne ke maganin ɗingishi daga baya, amma sai an ba da izini, domin in an tsaga ƙashin gefen cinya akan hana shi da farko. In ya kwana ya tashi ciwon ya fi na jiya, an zarce, a rage.

Abin da ya fi ba ni wuya ba atisayen ba ne, zaman gidanmu ne. Komai namu a ƙasa yake: tabarma, kwanon tuwo, masai na tsuguno, alwala da buta. Ga wanda likita ya yanka ta bayan kwatangwalo, dokar ita ce gwiwa kada ta haura kwatangwalo in yana zaune, kada ya harɗe ƙafa, kada ya murɗa ta ciki. Kafinta ya haɗa mini kujera mai tsayi da rami a tsakiya aka ɗora kan masai, aka sa bulo a ƙarƙashin ƙafafun gado, ina kwana da filo tsakanin cinyoyi. Sallah kuwa a kujera, da ishara. Dattawa sun fi jin nauyin wannan, sai ki tuna masa hadisin Imrana ɗan Husaini, cewa wanda bai iya tsayuwa ba ya yi a zaune. Babur a manta da shi tukuna. In za ku asibiti a samo mota, ya zauna gaba, a tura kujerar baya sosai.

Idan ya kai matakin sanda ɗaya, a hannun da ke ɓangaren ƙafa mai lafiya ake riƙe ta, mutane da yawa suna juya abin. Wajen hawa matakala ko dokin ƙofar zaure mai lafiya ce gaba, wajen sauka kuma mai ciwon. Ƙarfin ƙafa na iya ɗaukar shekara yana dawowa, kada ku ajiye sandar don kunyar idon mutane.

Amma in kin ga sha-raɓarsa ta kumbura tana zafi, ko numfashi ya yi masa wuya, ko zazzaɓi da ruwa na fita daga ɗinkin, ko ƙafar ta gajarce farat ɗaya ta juya, kada ku jira ranar da aka ba ku, ku tafi asibiti a lokacin ko da tsakar dare ne. A gaida Baba da jiki.