Ƙanena yana acaɓa a Legas, me zan kafa masa ya dawo gida?

Wani mai sayar da hatsi a kasuwar Jega ya aiko da tambaya. Ƙanensa ya shekara shida yana acaɓa a Legas, kuma tun da aka hana babur a wasu ƙananan hukumomin jihar a 2022 abin ya ƙi daɗi. Shi mai tambayar yana da naira miliyan 2, yana so ya kama wa ƙanen gona a fadama ya dawo.

Alhaji, Allah ya saka da alheri, amma kada ka fara da gona. Yaron da ya saba kullum da yamma ya zazzage aljihu ya ƙirga cinikinsa ba zai iya zaman wata huɗu yana jiran shinkafa ta nuna ba. Kafin a yi girbi ya hau motar Legas. Na sha ganin haka, kuma yana ci mini rai, domin ba lalaci ba ne, rashin kuɗin cefane ne.

Nema masa sana'ar da manoma za su riƙa biyansa duk mako. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, babban kukan masu noman rani daga Argungu har Suru a jihar Kebbi shi ne fetur ɗin injin ban-ruwa. Mutum ya tsaya bakin rijiyarsa da galan a hannu yana lissafin ko zai kai shi la'asar. Injin ban-ruwa mai sola da za a riƙa bayarwa haya yana da kasuwa. Haka injin bugun shinkafa lokacin girbi, inda ake biya da kuɗi ko da shanshera, ita kuma kai ka san inda za ka kai ta. Wanda ya yi shekaru yana kwance babur, inji ba zai gagare shi ba.

Kada ka zuba kuɗin duka. Ware kashi ɗaya cikin uku don gyara da abin da zai ci kafin ciniki ya kankama. Kafin ka sayi komai, ya zo ya yi sati biyu yana zaga fadamar, ya samo manoma goma da suka yarda da farashi.

Sai maganar da 'yan'uwa ke jin nauyinta: jarin nan kyauta ne, bashi ne, ko haɗin gwiwa? Ku rubuta a takarda gaban shaidu biyu, da kason kowa, da watan da injin zai zama nasa.