Kare bai gudu ba, lissafinka ne ya gudu

Wani mai gonar kaji daga wajen Toro ya rubuto: "Ina da karnukan gadi 3, irin na Jamus. Na yi tafiyar mako 3 saro kaya, na kai su gidan ɗan yayana, na ba shi naira 60,000 na abinci. Da na dawo ya ce karyar ta tsinke sarƙa ta gudu, sauran biyun kuma sun rame, kaska ta cika musu kunne. A ƙauye ina ake samun amintaccen wurin ajiyar kare? Ko in buɗe nawa? Na ga a Facebook masu irin wannan sana'a a Abuja kuɗi suke kwasa."

Alhaji, rashin wurin ajiya ba shi ne ya cuce ka ba. Ka ɗauki dukiya mai numfashi, ka haɗa da tsabar kuɗi, ka danƙa wa yaron da ba ka yanka masa lada ba, ba ka sa shaida ba, kuma ka san ko me ya faru ba za ka iya kai shi gaban mai gari ba, domin uwarsa za ta zo tana kuka. Wanda ba ka biya ba, ba ka da bakin tuhumarsa. Da buhun masara ne ka ba shi ajiya, ai da ka ƙirga ka rubuta. Me ya sa kare, wanda ya fi buhun masara tsada, ka bar shi a kan "ai ɗana ne"?

Ban ce yaron ya sayar ba, ban gani ba. Amma kai ma ka san Toro ba ta da nisa da Filato, kuma kasuwar Dawaki da ke Kanke ta yi suna a cinikin karnuka. Kare abu ne mai kasuwa a yankinku. Na taɓa zama da wani mai gidan gona da ƙaninsa ya ce masa kare ya mutu an binne. Da ya ce a nuna masa ramin, sai aka fara kame-kame. Har yau ba sa ga maciji, karen kuma bai dawo ba.

Sannan wa ya ce ka ɗauke su daga gona? Karen gadi a wurin gadinsa yake da amfani. Ka kwashe su, ka bar kaji mako 3 babu tsaro, ka kuma kai su cikin karnukan gari da ba wanda ya san ko an taɓa yi musu allura. Mai kula za ka kawo gonar, ya kwana a nan. Ka tambayi malamin dabbobi na ƙaramar hukumarku, shi ya san wanda ke kawo karensa rigakafi a kan lokaci. Ka tambayi mafarauta ma, su ne suka san hannun da kare ke yarda da shi. Wanda aka nuna maka, je ka ga nasa karnukan ba tare da sanarwa ba. Idan haƙarƙarinsu a waje yake, ka sha ruwa ka yi sallama.

Kada ka ba da kuɗin abinci, ba da abincin. Babban kare na cin kusan rabin kilo na busasshen abinci a yini, wato buhu mai kilo 15 zai kai uku kwana 10. Tafiyar mako 3, buhu 2 da ɗan ƙari. Ka auna a gabansa. Lada rabi yanzu, rabi idan ka dawo ka ƙirga kai uku. Kullum hoto ɗaya ta WhatsApp, kare da kwanonsa. A rubuta a takarda wa zai biya idan kare ya ɓata ko ya ciji ɗan maƙwabci, mai unguwa ya sa hannu. Kafin doguwar tafiya ka gwada shi da kwana 2. Kuma ka sabunta allurar haukan kare duk shekara, ka riƙe katin. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom, wadda ke yin wannan rigakafin, tana nan kusa da ku.

Batun buɗe naka kuwa, ajiye shi. Mutumin Abuja yana biya ne domin ba shi da fili, ba shi da ɗan'uwa kusa, kuma jirgi zai hau. A ƙauyenku wa zai biya kuɗin kwanan kare, alhali ƙanzo da ruwa yake ba nasa? Ga keji, ga ruwa, ga maganin kaska, ga likita, kuma kwikwiyo ɗaya mai gudawar jini ya isa ya kashe maka na mutane a mako guda, kai za ka biya. Idan har abin na ranka, fara da riƙe naka biyun shekara guda da littafi: abin da suka ci, allurar da aka yi musu, nauyinsu kowane wata. Ka kawo mini littafin baɗi mu duba.