Sifikar da ke kar-kar in an ɗaga murya

Malam, ka ce sifikar cikin masallacinku a Agege tana kar-kar da zarar liman ya ɗaga murya, ko a sayi sabuwa? Kar a saya, kwayil za a sake mata. Siririyar wayar tagulla ce naɗe a jikin ɗan bututu, tana kai da komo a tsakiyar maganaɗisu, motsin nan ne sautin. In zafi ya lanƙwasa bututun sai ya riƙa gogar ƙarfe.

Amma gwada tukuna: kashe wuta, danna fuskar sifikar da yatsu a hankali. In ka ji gurza, kwayil ɗin ne. A kasuwar kayan lantarki ta Alaba ka nemi kwayil mai bututun alminiyam ko Kapton (wata irin roba mai jure zafi), om ɗinsa (ma'aunin tirjiyarsa ga wutar lantarki) daidai da tsohon, 8 ko 4. Na taɓa sa mai bututun takarda don araha, damina ɗaya laimar Legas ta kumbura shi.