Tambayoyinku: Da gaske an guntule hannun mai zanen nan?

Tambaya: Malam barka da aiki. Na ga wani zane a Facebook, soja ne da sigari a baki, hannunsa na dama a guntule, wai mai zanen kansa ya zana. Da gaske a yaƙi ya rasa hannun? In haka ne to da me ya yi zanen? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: 'Yar uwa, hannunsa lafiya lau har ya mutu. Sunansa Ernst Ludwig Kirchner, Bajamushe ne, a 1915 ya yi zanen nan lokacin yaƙin duniya na farko. Ya shiga soja amma ko fagen daga bai kai ba, tun wajen horo hankalinsa ya tashi ya kasa jurewa sai aka sallame shi. Dungun da kika gani tsoronsa ne ya zana, mai zane in babu hannun dama ai an gama da shi, fargabarsa kenan kar yaƙi ya kashe masa sana'a ko da ya bar shi da rai. Ki sake duba idanun, a dushe suke kamar babu kowa a ciki. Zanen yana wani gidan adana zane a Oberlin, jihar Ohio a Amurka.

Ni dai cikin irin wannan zane da mutum ya zana kansa a lokacin yaƙi, wanda ya fi daɗewa a raina na Felix Nussbaum ne, Bayahuden Jamus da ya ɓuya a Brussels babban birnin Beljiyam, lokacin da 'yan Nazi na Hitler suka mamaye ƙasar a yaƙin duniya na biyu. Wajen 1943 ya zana kansa cikin kwat da hula, ya ɗaga kwalar kwat ɗin ga tauraruwa rawaya da aka tilasta wa Yahudawa liƙawa, ɗayan hannun riƙe da katin shaida mai hatimin cewa Bayahude ne, bayansa katanga doguwa babu ta inda zai bi, yana kallonki ta gefen ido, kin san irin kallon wanda aka tare a shinge aka ce kawo takardunka? To ke mai kallo ke ce kika tare shi.

A 1944 aka kama shi da matarsa Felka Platek, ita ma mai zane ce, aka kai su Auschwitz, sansanin kashe mutane da 'yan Nazi suka kafa a Poland, can aka kashe su. Osnabrück, garin da aka haifi Nussbaum a Jamus, ya buɗe gidan ajiye zanensa a 1998.