Na ce mu rubuta, ƙanina ya ce ban yarda da shi ba

Tambaya: Allah gafarta Malam, daga Gombe nake. Na ba ƙanina jari ya riƙa saro masara da wake a Tudun Hatsi muna raba riba, da na ce mu rubuta sai ya hau fushi wai na maida shi ɓarawo, har Inna ta sa baki. Na yi laifi ne?

Amsa: Ba ka yi laifi ba ɗan'uwa. Gaskiya ne duniya ba ta tafiya sai da yarda, kana hawa bayan ɗan acaɓa ba ka san ko sunansa ba, kana cin naman mahauci ba ka ga yankan ba. Amma Allah da Ya ce a mayar da amana ga masu ita a Nisa'i aya ta 58, Shi ne Ya saukar da aya mafi tsawo a Alƙur'ani, Baƙara 282, kan a rubuta bashi a kafa shaidu, kuma sahabbai aka fara faɗa wa, to wa ya kai su amana? Jamhurun malamai sun ce rubutun mustahabbi ne, don aya ta 283 ta yi sauƙi in an amince wa juna, wasu kamar Imam Ɗabari ma cewa suka yi wajibi ne.

Abinda mutanenmu ba sa dubawa, ba cuta kaɗai ake tsoro ba, akwai mantuwa, akwai mutuwa, yau in ɗayanku ya faɗi magada ba su san komai ba, ana tashi daga zaman makoki sai kotu, kuma wallahi wannan yana damuna don marayu ne ke kwana a ciki.

Naku ƙirali ne, wato ɗaya ya ba da jari ɗaya ya juya shi a raba riba, ba bashi ba ne, ƙaninka kuma amintacce ne a shari'a. In farashi ya karye ko ƙwari suka ci waken ba da sakacinsa ba, asarar jari taka ce, shi wahalarsa ce ta tafi, ba ka da ikon ɗora masa biya. Ribar kuma kaso ake yankawa, rabi ko sulusi, ba wai dubu kaza duk wata ba. Ka ga takardar shi ma kare shi take.

Ka same shi ku biyu, ka bi shi a hankali, ka roƙi Inna ta sa albarka, ku rubuta a gaban mutum biyu kowa ya riƙe kwafi.

Wallahu a'alam.