Amsa ga mai son kai iyali tsibiran Yauri

Ɗan'uwa, da na karanta cewa kana son kai maiɗakinka da yara biyu su ga tsibiran Yauri cikin kwana biyu, amma mai jirgi ya ce sai ka biya kuɗin zuwa da dawowa tun a bakin ruwa, wallahi sai da gabana ya faɗi. Abin da aka yi mini ke nan. Don Allah kada ka ba shi duka. Ba shi rabi, sauran sai ƙafarku ta taka tudu.

Daga Jega muka taso a farkon damina, ni da uwargida da 'yarmu mai shekara huɗu. Mai jirgin da muka ɗauka ya sauke mu a wani gungu, wato tsibiri, da hantsi, ya rantse ana sallame azahar zai dawo. Aka yi la'asar, shiru. Waya ba ta shiga sai ka hau tudu. Sai dab da magariba ga shi nan, ya labta wa jirgin buhunan albasa da babura biyu da 'yan kasuwa, tsakanin ruwa da bakin jirgin bai fi taƙi ɗaya ba, ga hadari ya haɗo daga gabas. Ya dubi tsabar idona a gaban matata ya ce, "Ku shiga ko ku kwana, kuɗi dai ba ya dawowa." Yarinya na kuka, ni kuma kunya da fushi sun rufe ni, har na ɗora ƙafa ɗaya. Wani dattijo Bagunge, wato ɗan ƙabilar Gungawa mazauna tsibiran, ya riƙe mini riga ya ce, "Ɗana, wannan ruwan ba na dare ba ne." Nan take na tuna jirgin da ya kife kusa da Warra a watan Mayun 2021 da mutum fiye da ɗari. Har yau in na tuna irin dariyar da mai jirgin nan ya yi sai in ji zuciyata na tafasa. Mutum ya ga ƙaramar yarinya amma kuɗin lodi ya fi masa ranta!

A gidan dattijon muka kwana. Matarsa ta yi mana tuwo da miyar ɗanyen ƙarfasa, ta cire gidan sauronta ta ɗaura wa 'yata. Ba asibiti a gungun, mace in naƙuda ta yi gardama a kwalekwale ake tsallakawa da ita. Da safe, da zai fitar da mu, ya nuna mini da filafili inda garin ubansa yake kwance ƙarƙashin ruwa tun da aka gama madatsar Kainji a 1968. Kututturan itatuwan wancan lokacin suna nan a ƙasa, su ke fasa jirage, shi ya sa sai da wanda ya san hanya.

Saboda haka ku je, wurin ya cancanci gani, amma ku tafi da niyyar kwana, ta hannun wanda yake da dangi a can. Ku fara gaida mai gari. Rigar ruwa mai hana nutsewa ka nemo da kanka, har ta yara. Da sassafe ake tsallakawa, kafin iska ta taso. Kada yara su yi wanka a bakin ruwa saboda tsargiya, in kuma an ce akwai dorina a wuri, kada ku ce sai kun matsa. Gandun dajin Kainji da ka ambata yana ɓangaren jihar Neja, ba ya haɗuwa da wannan tafiyar a kwana biyu. Ka riƙa wa mutanen gungun sabulu da sukari da batir, ni hannu wofi na je, abin yana damuna har gobe. In da hali ma ka jira lokacin bikin Rigata, wato bikin wasannin jiragen ruwa na Yauri.

Mai jirgin nan kuwa na gan shi washegari a bakin ruwa yana shan shayi. Na yi masa sallama, ya kau da kai.